Akwatin Baba: Rajistar Aikin Ceto Hotunan Gidanmu

Asabar, 9 ga Nuwamba 2024

Yau muka buɗe akwatin ƙarfen Baba, Allah Ya jiƙansa, shekara biyu ke nan da rasuwarsa. Tun ranar rabon gado akwatin ke ƙarƙashin gadon Inna a gidanmu na Bagalam, don an rasa kason da za a sa shi: ba kuɗi ba ne, ba sutura ba, ba littattafan addini ba. Gara ce ta sa na matsa a fito da shi. Kowa ya san irin ruwan da aka yi a Maraɗi damanar bana da yawan gidajen ƙasar da suka zube. Namu Allah Ya tsare, amma bangon ɗakin Inna na gabas ya sha ruwa har ya yi jirwaye, kuma da na ja akwatin sai ga hanyar gara ta bi bayansa, saura kaɗan ta kai murfi.

Ba ta shiga ba, laima ce ta shiga. Ina ɗaga murfin wani wari ya bugi hancina, na tsohuwar takarda haɗe da tsami-tsami irin na binegar da ake zuba wa salak. Na shimfiɗa farin zane a kan tabarma cikin zaure, na wanke hannu na goge, na hau ƙirga. Hotunan takarda 412, wasu cikin albam uku, wasu cikin ambulan, wasu a ɗaure da robar da ta narke ta manne musu. Diyapo 286 cikin 'yan akwatunansu. Sai kilishe, wato fim ɗin da ake wanko hoto daga jikinsa, wanda wasu ke ce wa nagatif, ambulan 23.

Yaran yanzu ba su san diyapo ba. Ɗan fim ne mai launi da aka sa cikin firam na kwali, santimita 5 kowane gefe. In ka ɗaga shi wajen haske sai ka ga hoton ƙarami kamar kan sarkin wasiƙa. Da majigi ake haska shi a bango. Ina tune da dararen da Baba ke rataya farin zanen gado a tsakar gida, maƙwabta su cika, ya riƙa nuna mana shanu da rijiyoyin arewa. Malamin dabbobi ne, ya shiga ma'aikatar kiwo ba a jima da samun mulkin kai ba, can ya yi ritaya. Kyamarar kuwa wani Bature likitan dabbobi da suka yi aiki tare ya bar masa da zai koma gida.

Ƙanena ya ce mu ɗauke su da waya mu huta. Na gwada goma. Hasken ƙofa na ƙyalli a kan takardar, fuskoki na karkacewa, diyapo kuma ko kusa. Sai dai a kai wa masu na'urar sikan.

Lahadi, 17 ga Nuwamba 2024

Mako guda ina rarrabewa bayan na taso daga lakwal. Kowane hoto na ba shi lamba a baya da fensir, a hankali, a kusurwa. Ban yi da bik ba, don na ga waɗanda Baba ya yi wa rubutu da bik tawadar ta ratsa har ta fito a fuskar mutane. Na sayi kaye guda, lamba a hagu, abin da na sani game da hoton a dama. Daman nan fili ya fi rubutu yawa.

Yau Inna ta fito da kujerarta ta zauna kusa da tabarmar. Ta daɗe tana kallo ba ta ce kome ba, sannan ta ce, "In ka kai su shago, wa zai gan su?"

Na ce, "Mai shagon ne kawai, Inna."

"Shi mai shagon ba namiji ba ne?"

Ban sami amsa ba. Ta jawo tarin gabanta ta shiga tsincewa, har ta ware 37. Hotunanta ne na ƙuruciya, ita da ƙawayenta a ɗakin mai hoto, an yi kitso an kafa ɗankwali, ba mayafi, ga wani da take riƙe da rediyo a cinya tana dariya. Ta ce, "Waɗannan mahaifinku ne ya gani, sai ƙawayena, yawancinsu kuma suna ƙasa. Ban ce ka ƙone ba. Amma ba za a baza ni a gaban baƙo ba." Ta ɗaure su cikin ɗankwali ta sa ƙarƙashin matashi.

Ni duk tunanina yana kan laima da gara. Ban tsaya na tuna cewa mutanen da ke cikin akwatin nan wasunsu na raye, suna kuma da ta cewa ba.

Bayan la'asar Baffa ya shigo. Ra'ayinsa a kan hoto sananne ne a gidanmu, shekara talatin bai tsaya gaban kyamara ba sai don takardun hukuma. Ya ce, "Kayan ubanka ne, ba zan hana ka ba. Nawa dai ka ba ni." Muka nemo guda 9. Na miƙa masa 8. Na taran su biyu ne da Baba ranar da za su tafi aikin hajji. Ya dube shi ya daɗe, ya ce in riƙe saboda ɗan'uwansa, amma kada ya fita daga hannuna. Na rubuta hakan a kaye gaban lambar.

Laraba, 27 ga Nuwamba 2024

Na kai gwaji, hoto 30, wani shago kusa da babbar kasuwa inda ake buga takardu da hotunan fasfo. Dala 20 kowane ɗaya, jika 3 ke nan. Jiya na karɓo a kile, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta. A waya sun yi kyau. Da na buɗe a kwamfuta na ƙara girman wani hoton ɗaurin aure don in ga fuskokin sahun baya, sai suka tarwatse suka zama 'yan murabba'ai. Ashe a ɗigo 150 kowane inci ya kwafe su, yadda yake yi wa takardun haihuwa. Hoto mai santimita 10 da 15 a wannan ma'auni ɗigo 600 ne da 900 kacal. Banda haka ya sa huɗu-huɗu a gilashi ɗaya, ya kuma bar na'urar ta gyara launi da kanta, har farar rigar Baba ta koma shuɗi-shuɗi.

Laifin na raba shi biyu, don ni ma ban faɗa masa abin da nake so ba. Na koma da takarda a rubuce. Ɗigo 600 ga hotuna masu girma, 1200 ga ƙananan nan na fasfo. Kowane hoto fayil ɗinsa daban, da lambar da ke bayansa. Kada a gyara launi, a bar shi yadda yake, gyara daga baya a kan kwafi. In akwai rubutu ko hatimin mai hoto a baya, a kwafe bayan shi ma. A goge gilashi bayan kowane hoto biyar, don hunturu ya fara shigowa, ƙura ba ta da ƙofa. In an gama a share kome daga kwamfutar shagon ina tsaye.

Ya karanta ya ce wannan aikin ya fi ƙarfin dala 20. Gaskiyarsa. Muka daidaita a dala 25. Hoto 367, ya kama kusan jika 46, ya ce in ba da 45. Yaya Babba ta aiko da rabi daga Tasawa.

Lahadi, 8 ga Disamba 2024

Yau na yi ɓarnar da ba ta gyaruwa, kuma ina rubuta ta ne don kada wani ya maimaita.

Hoton Kaka, mahaifiyar su Baba, guda ɗaya ne tak a duniya. Ba ya cikin akwatin, yana rataye cikin firam a ɗakin Baba tun kafin a haife ni. Na kwance ƙusoshin baya don in fitar da shi, sai na tarar ya manne wa gilashi daga ƙasa, inda laima ta shiga. Na sa reza a hankali ina ɗagawa. Na ji wata 'yar ƙara kamar an ɓare albasa. Da na duba, hannunta na dama da ke kan gwiwa, da zoben azurfarta, sun zauna a jikin gilashi, takardar ta fito fara fat a wurin, faɗin babban yatsa.

Na zauna a bakin gado na kasa tashi. Garin gyaran gira na kusa rasa ido. Fuskar ba ta taɓu ba, wannan kaɗai na riƙe.

Da na kai wa mai shagon haka nan da gilashinsa, ya ce da na kawo shi tun farko yadda yake. Hoton da ya manne ana kifa shi ne a na'ura tare da gilashin, ya fito lafiya lau. Fuskar hoto wani siririn abu ne mai danƙo da aka shafa a takarda, in ya jiƙa ya bushe a jikin gilashi sai ya zama kamar gam. Ya mai da takardar daidai wurinta ya kwafe su tare. Hannun ya fito, amma da tsaga zagaye da shi. Kilishen wannan hoto yana wurin mai hoton da ya ɗauka, kamar yadda aka saba a da, shi kuwa da shagonsa an daɗe da mantawa.

Albam ɗaya ma irin mai gam ɗin nan ne da leda a sama, shafukan sun yi ruwan goro, gam ɗin ya yi wa bayan hotunan layi-layi. Ban sake sa hannu ba. Shafi-shafi za a kwafe.

Juma'a, 20 ga Disamba 2024

An gama na takarda. Na Inna 37 ma an yi. Akwai wata yarinya da ke buga takardu a shagon, ita ta kwafe su yau da aka tafi masallaci, maiɗakina na zaune kusa da ita, aka sa a kile daban, aka share. Inna ta karɓi kilen ta haɗa da hotunan cikin ɗankwalin nan. Ni kaina ban buɗe shi ba.

Juma'a, 27 ga Disamba 2024, Yamai

Na'urar shagon Maraɗi daga ƙasa kawai take haskawa, ba ta iya fim. Diyapo da kilishe sai wadda ke da fitila a murfi, haske ya ratsa ta cikinsu. Wani abokin aikina ya haɗa ni da wani dattijo a Yamai, tsohon mai wankin hoto ne da ya koma wannan sana'a. Ya ce in ba mota saƙo. Na ƙi. Kilomita sama da 600, ta Konni da Dogon Dutsi da Doso, in kwali ya ɓace ko aka ɗora masa buhu, wa zan kama? Na jira hutun lakwal na hau kar da jakar a kan cinyata.

Kwana huɗu na yi kusa da shi, kuma ban yi da-na-sanin ko sa'a ɗaya ba. Na'urar sikan Epson V600 yake aiki da ita, diyapo huɗu take ɗauka a tashi guda. Kowane ɗaya sai ya riƙe shi ta gefe, ya hura masa iska da 'yar robar hurawa, ya share da burushi mai laushi. Ba ya hurawa da baki, ya ce tururin numfashi ma laima ne. Fim ɗin milimita 24 ne da 36, saboda haka ɗigo 600 ba ya yi masa kome. A 3200 muka tsaya, wanda ke ba da ɗigo wajen 3000 da 4500. Ya adana su a TIFF, nau'in fayil da ba ya rage kome daga hoton, kowane ɗaya wajen megabayit 40, sannan ya fitar da JPEG marar nauyi don kallo. TIFF ɗin shi ne uwa, ba a taɓa shi. JPEG duk sa'ad da aka gyara aka sake adanawa sai ya rage wani abu.

Da ya baje diyapon a kan teburinsa mai haske sai suka rabu biyu da kansu. Waɗanda aka rubuta Kodachrome a kwalinsu launinsu garau, kamar bara aka ɗauka, shuɗin rawanin Buzu shuɗi ne, jar ƙasa ja ce. Sauran nau'o'in kuwa da yawa sun koma ja-ja ko ruwan hoda, don rinin shuɗi da na ɗorawa sun riga na ja gushewa. Ya ce Kodachrome ba a iya wanke shi a ɗakin mai hoto, Faransa ake aika shi ta gidan waya ya dawo cikin kwalinsa da wata da shekarar wanki a buge. Wannan bugun ya yi mini amfani fiye da kome, don shi ne kwanan watan da Baba bai rubuta ba. Kodak ta daina yin fim ɗin a 2009, wurin wankinsa na ƙarshe a jihar Kansas ta Amurka ya daina a ƙarshen 2010.

Na'urar tana da wata dabara ta gano ƙura da karce da hasken da ido ba ya gani, ta shafe su da kanta. A fim mai launi na yau da kullum tana aiki sosai. A baƙi-da-fari ba ta yi, don azurfar da ke cikinsa na tare wannan haske, sai ta ɗauki hoton kansa a matsayin ƙura. A Kodachrome ma takan ɓata gefen abubuwa. Waɗannan sai ya kashe ta, ya bi ɗigon ƙura da hannu.

Warin binegar kuma ya gano inda yake fitowa. Ambulan 9 ne na tsofaffin kilishe manya, masu santimita 6 da 6. Robar da aka yi su da ita ce ke ruɓewa saboda zafi da laima, tana fitar da tsami, fim ɗin ya ƙanƙance ya nannaɗe. Ba ta da magani, kuma tsamin na hanzarta lalacewar na kusa da su. Ya ce in raba su da sauran tun yau, mu kuma fara da su ko da kuɗi bai kai ga wasu ba. Haka aka yi. Uku sun riga sun yi tattara kamar fatar tsoho, amma an ga abin da ke ciki. Diyapo na zaɓi 120, dala 50 kowane, jika 30. Sauran sai wani hutun.

Da muka gama na ce ya share nasa kwafin. Ya ce yakan riƙe na wata uku ko da na mai kaya ya ɓace. Shawara ce mai kyau, amma na riga na yi alkawari a gida. Na sayi kile na biyu muka ƙara kwafi, ya share ina kallo.

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Mako biyu ina kallonsu kowane dare. Mafi yawa aikin Baba ne. Garken shanu a bakin rijiya wajen Dakoro, an kafa shingen itace, ana tura su ɗaya bayan ɗaya, mai allura a gefe, wani na yi wa kunnen saniya alama don kada a maimaita ta. Allurar ciwon bushiya ce, annobar da ke kashe shanu, gangamin da aka fara a 1962 a Nijar da Najeriya da Kamaru da Cadi. Mu da muka tashi ba mu san ciwon ba, ba mu san abin da aka tsare mana ba. A 2011 aka sanar an kawar da shi daga duniya baki ɗaya, shi ne na biyu bayan agana. Ina kallon akwatin ƙanƙarar da suke ɗauke da maganin a bayan mota cikin wannan rana, na ce ashe da hannun Baba a ciki.

Akwai jar akuyar Maraɗi kusan hoto 20, bunsuru a tsaye an riƙe masa ƙaho, gashi gajere yana sheƙi. Yanzu na gane abin da ya sa ba ya yarda a shigo da akuya mai roɗi-roɗi gidanmu. Akwai dalar buhunan gyaɗa, 'yan dako na hawa da buhu a ka, tun zamanin da gyaɗa ke riƙe da garin nan.

Sai guda 14 da aka buga wa 1974. Gawar shanu ce a kwance, fata ta manne wa ƙashi, rijiya ba kowa, wata mata Bafulatana zaune kusa da ƙwaryar da babu kome ciki. Duk dararen majigin nan ban taɓa ganin ɗaya daga cikinsu ba. Yana tsallake su ne. Su kaɗai ya sa a akwati daban, ya ɗaure da zare.

Shi kansa sau 6 kawai ya fito cikin 120, tunda kyamarar na hannunsa.

Lahadi, 26 ga Janairu 2025

Fuska ba suna rabin hoto ce. Gwaggo, autarsu Baba, ita ce 'yar aiken gidan tana yarinya, babu gidan dangi ko na abokin Baba da ba ta shiga ba. Na ɗauki kwamfuta na same ta a Sabon Gari. Da yake sunan mahaifinta gare ni, Babana take ce mini.

"Babana, matso da shi, idona ba shi kai wa can. Wanga ai maƙwabcinmu na, mai sai da fata. A tsohuwar Maraɗi anka haihe shi, can cikin fadama, tun ruwa bai ci gari ba." Ruwan 1945 take nufi, wanda bayansa aka hau da gari kan tudu. Daga nan ta kawo sunan matansa, da ɗiyarsa da aka kai Tibiri, da rikicin gonar da ya raba shi da ƙanensa. Hoto ɗaya ya ci minti ashirin. Na nemi izininta na kunna rikodar waya, don hannuna ba ya cim ma bakinta.

A zama uku mun yi hoto 140. Sunan fayil yanzu shekara ce, sai wuri, sai sunayen mutane daga hagu zuwa dama, sai lamba. Inda ta yi shakka na sa alama. Lamba 203, wani saurayi da keke a ƙofar gidanmu, ta ce ta san shi sarai, sunan ne ya ɓace mata.

Juma'a, 14 ga Fabrairu 2025

Abin da Inna ta hango tun Nuwamba ya faru, kuma ta hannuna.

'Yan'uwa sun dame ni da tambaya, ni ma ina ɗokin su gani. Ranar Litinin da dare na tura hoto 60 a zauren WhatsApp na dangi, ban bi su ɗaya-ɗaya ba. A ciki akwai na Gwaggo tana budurwa, zamanin Samariya lokacin mulkin Seyni Kountché, suna rawa a fili da anko, ita ce a gaba. Ɗan ƙanena ya ga ya burge shi, ya ɗora a status da waƙa a ƙasa. Ba da mugun nufi ba, kakarsa yake yabo. Kafin azahar wani ya kwafe, hoton ya shiga zauren 'yan unguwa, daga nan ya kai wayar surukinta, ya kai ta matan da take karatun islamiyya da su.

Jiya na je da kwamfuta kamar kullum. Ta amsa gaisuwa a taƙaice, ba ta ce Babana ba. Ta ce, "Ɗauke abinka. Shekara hamsin hoton nan na cikin akwatin yayana, ba wanda ya gani sai wanda ya nuna wa. Kai wata uku ya yi hannunka."

Ba ni da abin cewa. Yaron ya cire, na bi waɗanda na sani na roƙe su su share, amma wa ya san wayoyi nawa ya kwana? Hoton takarda guda ɗaya ne, yana da mai riƙo, in za a gan shi sai an zo gida an yi sallama. Ni na fitar da shi daga wannan tsari, ban kuwa tanadi wani a madadinsa ba. Na kiyaye mai shago, na kiyaye dattijon Yamai, na tsaya a kansu har suka share, sannan na zo na watsa da yatsana.

Asabar, 22 ga Fabrairu 2025

Inna ta raka ni ba da haƙuri, da goro da turmin atamfa. Na durƙusa na faɗi laifina ban ɗora wa yaron ba. Gwaggo ta yi shiru, sannan ta ce rawar ba abin kunya ba ce a lokacinta, hukuma ce ma ke tara su, iyaye na kallo. Abin da ya ƙona mata rai shi ne ba a tambaye ta ba. "Da ka tambaye ni, wataƙila ni da kaina in nuna wa jikokina. Hoto ma zarar bunu ne, Babana." Da na ji sunan ya dawo na san an sauko.

A nan gabansu muka tsara yadda za a yi, na rubuta a shafin farko na kaye. Hotuna sun kasu uku. Na aikin Baba da na gari, shanu da akuyoyi da gyaɗa, kowa na iya gani. Na dangi, sai a gida, a kan kwamfuta ko a buga a takarda, ba a turawa a waya. Na mutum shi kaɗai, in yana raye nasa ne, shi zai ce a yi ko a bari, in ya rasu 'ya'yansa ne za su ce. Matan Fulanin da ke cikin hotunan fari ba mu san su ba balle mu tambaye su, saboda haka Inna ta ce a bar su inda Baba ya bar su. Na mai da guda 14 ɗin kaso na biyu.

Yaya Babba ba ta ji daɗi ba da na gaya mata, ta ce ta biya rabin kuɗi amma sai ta zo Maraɗi za ta ga iyayenta? Ita ma tana da gaskiya. Muka tsaya a kan zan buga mata albam na takarda in kai mata da hannuna.

Lahadi, 6 ga Afrilu 2025

Azumi ya tsai da aikin, sai bayan salla na waiwaye shi. Ga inda ake.

Kwafi uku ne yanzu: ɗaya a faifan ajiya a gidana, ɗaya a kile wurin Yaya a Tasawa cikin ambulan da aka liƙe, na uku a intanet, shi kuma kaso na farko kawai na ɗora. Kile ba abin dogaro ba ne na shekaru, na sa a kaye in duba su duk bayan salla babba in sake kwafewa. Albam ɗin Yaya, hoto 80, na kai mata ranar Alhamis.

Na asalin ban zubar da ko ɗaya ba. Na cire robobi da ledoji, na sa farar takarda tsakanin hoto da hoto, na tara 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi na zuba a ciki. Akwatin ya bar ƙasa ya hau kan kanta a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da bango. Kilishe masu wari suna kwali daban a wani ɗaki. Zafin bazara ya kankama, shi ne abin da ya fi damuna da su, ba ni kuma da dabarar da ta wuce inuwa.

Saura diyapo 166 da ambulan 14 na kilishe mai launi, masu ruwan lemun nan da ba a gane fuska a cikinsu sai an juya. Kafin in kai su Yamai a babban hutu, Inna da maiɗakina za su ɗaga su wajen haske su ware waɗanda suke zaton na mata ne. Waɗannan ban san yadda za a yi da su ba tukuna, don dattijon ba shi da mace a shagonsa. Na tambaye shi ko zai yarda maiɗakina ta koyi sa fim a na'urar, ya ce in zo da ita a gani.

Hotunan da ke da suna sun kai 231. Ɗazu bayan magariba Gwaggo ta kira ni. Ta ce sunan mai keken nan ya faɗo mata tana cikin lazimi, kuma ba suna kaɗai ba, akwai labarin yadda keken ya zo hannunsa, amma ba za ta faɗa a waya ba. Ta ce in zo ranar Alhamis bayan la'asar, in taho da lamba 203 na takarda, tana son ta riƙe shi a hannu.